Jordan, LeBron da 'Yan Da: Da Wane Ma'auni Za A Gwada Su?

Tambaya: Koci, barka da aiki. Ni da yayana mun daɗe muna gardama a kan ƙwallon kwandon NBA. Shi ya taso yana kallon Michael Jordan a kaset, ya ce 'yan wasan yanzu ragwaye ne, da an taɓa su sai alƙali ya busa, kuma da Jordan zai dawo yau da maki 45 zai riƙa ci kullum. Ni kuma na ce 'yan da ba su iya jifa daga nesa ba, su LeBron James da Stephen Curry sun fi su komai. Akwai hanyar da za a gwada 'yan wasan zamani daban-daban bisa adalci? Kai wa ka zaɓa?

Amsa: Ƙanena, gardamar nan ta girme ku duka biyun, kuma ko a Amurkan ba a gama ta ba. Hanyar gwadawa akwai, sai dai kafin a ambaci sunan kowa dole a fara buɗe littafin doka. Tsayin kwando ƙafa 10 ne tun farko har yau, minti 48 ake bugawa, mutum biyar-biyar. Ban da waɗannan kusan komai an taɓa shi: abin da aka yarda mai tsaro ya yi da hannunsa, inda aka yarda ya tsaya, makin da ake ba wanda ya jefa daga nesa, har faɗin akwatin da ke ƙarƙashin kwando. Duk sanda aka taɓa doka ɗaya, irin jikin da irin gwanintar da ke cin kasuwa sai su canja. Mai gwada makin Wilt Chamberlain da na Luka Doncic kai tsaye, tamkar mai gwada albashin kakansa na 1975 da nasa ne, bai tambayi nawa ake sayar da kwanon gero a lokacin ba.

Mu fara da yawan hari, domin a nan alƙaluma suka fi yaudarar mutane. Kafin 1954 babu agogon jifa, ƙungiyar da ke gaba tana iya riƙe ƙwallo ta yi ta yawo da ita har a tashi. A Nuwamban 1950 Fort Wayne Pistons ta ci Minneapolis Lakers 19 da 18, kuma sakamakon tashi ke nan. Da aka kawo agogon daƙiƙa 24, wato dole ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ta jefa kafin su cika, sai abin ya juye, aka koma gudu da jifa ba kakkautawa. Zuwa kakar 1961-62, kiyasin da ake yi shi ne kowace ƙungiya na kai hari sau 125 zuwa 130 a wasa guda. Yau ana kai wajen 99. A ƙarshen shekarun 1990, sanda Jordan ke ɗaukar kofunansa na ƙarshe, abin ya sauka zuwa wajen 90.

To, a waccan kakar ta 1961-62 ce Wilt ya riƙa cin maki 50.4 a kowane wasa, kuma a cikinta ya ci 100 shi kaɗai a kan New York Knicks ranar 2 ga Maris 1962, a garin Hershey. Yana jifa kusan sau 40 a wasa. Idan aka auna cinsa a kan hari 100, zai tsaya wajen maki 38. Jordan na 1986-87, wanda ya riƙa cin 37.1 a wasa, a ma'aunin hari 100 ya haura 46. Ka ga wanda ya fi yawan maki a takarda ba lallai shi ya fi ci ba idan aka daidaita damar da kowa ya samu. Haka batun cafe ƙwallon da ta ƙi shiga. A lokacin, cikin jifa 100 wajen 43 ne ke shiga, ga yawan jifa, don haka ƙwallon da ke dawowa daga kwando ta yi yawa. Shi ya sa Wilt ke kwasar 25 a wasa, Oscar Robertson mai rarraba ƙwallo ma ke kwasar sama da 12.

Kada wannan ya sa ka raina Wilt. A kakar nan minti 48.5 ya riƙa bugawa a wasa, wato har da ƙarin lokaci, ba a hutar da shi. Minti 8 kacal ya rasa duk shekarar, shi ma korarsa alƙali ya yi. Saboda shi aka faɗaɗa akwatin daga ƙafa 12 zuwa 16 a 1964, kamar yadda aka faɗaɗa shi daga 6 zuwa 12 a 1951 saboda George Mikan. Ni wannan na cikin manyan ma'aunaina: ɗan wasan da ya gagari mutane har sai da aka zauna aka sake doka dominsa, ba a jayayya da girmansa. Kuma masu cewa da gajeru yake wasa su tuna ƙungiya 9 ce kacal a lokacin, sai ya haɗu da Bill Russell sau goma ko fiye a kaka guda.

Russell kuwa alƙaluma sun zalunce shi. Ba a fara ƙidaya tare jifa da ƙwace ƙwallo ba sai kakar 1973-74, bayan ya yi ritaya, alhali a nan ƙarfinsa yake. Abin da ya rage mana a rubuce shi ne kofi 11 cikin kaka 13 da Boston Celtics, 8 a jere daga 1959 zuwa 1966. Amma a yawancin shekarun nan zagaye biyu kawai ake ci a wasannin fitar da gwani a ɗauki kofi. Yau zagaye huɗu ne, kowanne sai ka ci wasa huɗu cikin bakwai, cikin ƙungiya 30. Don haka ƙidayar kofuna kawai ba ta raba gardama. In da tana rabawa, da ba a fara maganar Jordan da LeBron ba ma.

Akwai wani abu da matasa ke yi wa 'yan da dariya a kai, wai ba su iya yanka ba, suna buga ƙwallo a ƙasa kamar 'yan koyo. Ka dubi hannun Bob Cousy ko Jerry West a tsohon bidiyo: tafin hannu a saman ƙwallo yake, ba ya gangarowa gefe. Da ya gangaro alƙali zai busa, a ce ya ɗauke ta. Yau ana sa hannu a gefenta, wani sa'in kusan ƙarƙashinta, a dakata, a ja ta gefe, a yi taku baya a jefa. Rabin yankan da kake gani kana tafi, a 1965 ƙwallo za a karɓe a ba abokan hamayya. West ɗin nan gwanin jifa ne na gaske. A wasa na uku na zagayen ƙarshe na 1970 ya jefa daga bayan tsakiyar fili ana daf da tashi, ta shiga, aka ba shi maki 2 domin babu layin maki uku. Aka yi kunnen doki, ƙungiyarsa Lakers ta sha kashi a ƙarin lokaci. Da yau ne, da jifan nan an tashi wasa.

Shekarun 1980 ba sai na daɗe a kansu ba, sai dai in gyara wani zato. Mutane na haɗa su da na 1990 su ce zamanin tsaro mai tsauri ne. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiya na cin wajen maki 110 a wasa, ba nisa da na yau. Wasan da ya fi kowanne yawan maki a tarihin NBA a Disambar 1983 aka yi shi, Detroit 186, Denver 184, bayan ƙarin lokaci uku, kuma kowace ƙungiya jifan maki uku ɗaya tak ta ci. Zamanin gudu ne, na Magic Johnson da Larry Bird, da Kareem Abdul-Jabbar mai jifan ƙugiya wanda da ƙyar ake samun mai tare shi. Abin da ya bambanta shi ne hukuncin mugun laifi. A zagayen ƙarshe na 1984 Kevin McHale ya maƙure Kurt Rambis a sama ya fyaɗa shi da ƙasa, aka ba da jifan kyauta biyu aka ci gaba da wasa. Yau kora ce nan take.

Yanzu ga inda yayanka yake da gaskiya. Detroit Pistons ta Chuck Daly, mai su Isiah Thomas, Joe Dumars, Bill Laimbeer da Dennis Rodman, ta tsara wa Jordan tsari na musamman: a hana shi hanyar da ya fi so, a tura shi inda mutane ke jiransa, in ya tashi sama a sauko da shi ko ta yaya. Sun fitar da Chicago Bulls a 1988, 1989 da 1990. Sai da Jordan ya shiga ɗaga ƙarfe ya ƙara jiki, Phil Jackson da Tex Winter suka kawo tsarin hari mai kusurwa uku, sannan Bulls ta share su 4 da nema a 1991. Kuma a zamanin mai tsaro na iya ɗora hannu ko gwiwar hannu a ƙugunka yana juya ka. Wanda bai taɓa buga wasa ba ba zai san girman wannan ba. Hannun da ke ƙugunka yana jin inda za ka nufa tun kafin ƙafarka ta motsa, kuma yana cinye maka rabin taku na farko, wanda shi ne jarin duk mai sauri. An fara rage wannan a 1994, amma sai kakar 2004-05 aka hana shi da gaske.

Ga kuma abin da masu yabon zamanin Jordan ba sa faɗa. Har zuwa 2001 haramun ne a yi tsaron yanki a NBA. Dole kowane mai tsaro ya bi mutum. Ba ka da ikon tsayawa tsakanin mutum biyu kana jiran tsammani, ba ka da ikon haɗa kai da wani ku tsare wanda ba ya riƙe da ƙwallo. In za ka kawo ɗauki kan mai ƙwallo, sai ka zo gaba ɗaya, ka bar naka a buɗe. Sai kociyoyi suka mai da dokar makami. A ba Jordan ƙwallo a gefen hagu, sauran huɗun su kwashe zuwa dama, ko da biyu cikinsu ba su iya jifa ba, dole masu tsaronsu su bi su. Rabin fili ya zama nasa shi da mutum ɗaya. Ya juya masa baya, ya tura sau biyu, ya girgiza kafaɗa, ya juya yana komawa baya ya jefa. Ana dukansa, gaskiya ne, amma mutum ɗaya ne a gabansa sau da yawa.

LeBron ya shigo a 2003, bayan an halatta tsaron yanki. Idan ya riƙe ƙwallo a gefe, abin da yake gani shi ne mai tsaronsa, a bayansa wani ya baro nasa ya tsaya a bakin akwati, na uku kuma yana leƙe daga ɗaya gefen, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje don kada a busa masa laifin wuce daƙiƙa uku a cikin akwati. Boston ta 2008, da Tom Thibodeau ke tsara mata tsaro, ta ƙware a wannan. Dallas ta yi masa tsaron yanki a zagayen ƙarshe na 2011, ya rikice, ya riƙa cin ƙasa da maki 18 a wasa, har a wasa na huɗu ya tashi da 8. Wannan tabo ne a tarihinsa, ba mai goge shi, amma irin jarrabawar da aka yi masa ba a taɓa yi wa Jordan ita a Chicago ba, domin doka ba ta yarda ba. Kowannensu an ɗaure masa hannu ɗaya an sakar masa ɗaya.

Shekarun da tsaro ya fi cin karensa ba babbaka su ne tsakanin 2001 da 2004, sanda aka halatta tsaron yanki kuma ba a gama hana hannu ba. A kakar 2003-04 matsakaicin ci ya sauka zuwa wajen maki 93, Detroit ta hana ƙungiyoyi biyar a jere kaiwa 70. Masu kallo suka fara gundura, hukuma ta ga kasuwa za ta mutu, aka cire hannu daga ƙugu. Nan take Steve Nash, ɗan siriri mai rarraba ƙwallo a Phoenix Suns ta Mike D'Antoni, ya zama gwarzon kaka sau biyu a jere, 2005 da 2006, Kobe Bryant ya riƙa cin 35.4 har da 81 a kan Toronto. Nash bai zama sabon mutum cikin dare ɗaya ba, filin ne aka buɗe masa.

Batun jifan maki uku, inda kai kake da gaskiya. NBA ta kawo layin a kakar 1979-80, ƙungiya na gwadawa ƙasa da sau 3 a wasa. An ɗauke shi abin neman mafita idan lokaci ya ƙure. Bird, wanda ake kira sarkin jifa, 649 ya ci duk tsawon rayuwar wasansa. Jordan 581. Curry ya ci 402 a kakar 2015-16 kaɗai. Yau matsakaiciyar ƙungiya na gwadawa sama da sau 35, Boston ta 2024-25 ta kai 48. Lissafin mai sauƙi ne, abin mamaki shi ne yadda aka yi shekara 30 ana kallonsa ba a yi aiki da shi ba. Mai cin 35 cikin 100 daga bayan layi yana samar da maki 105. Mai cin 42 cikin 100 daga tsaka-tsaki, taku biyu a cikin layi, 84 yake samarwa. Houston Rockets ta Daryl Morey ta bi wannan har ƙarshensa, ko dai ƙarƙashin kwando ko bayan layi. Ta kuma ɗanɗani haɗarinsa a wasa na bakwai da Golden State Warriors a 2018, ta jefa 27 a jere ba ko ɗaya da ta shiga.

Mu 'yan Najeriya mun ga fuskokin abin duka biyu. A Olamfik ɗin Landan 2012 Amurka ta ci D'Tigers 156 da 73, da jifan maki uku 29. A Yulin 2021 a Las Vegas, wasan share fage, D'Tigers ta ci 20 daga bayan layi ta doke Amurka 90 da 87. Layin nan yana iya binne ka, yana kuma iya ba ƙaramin gida damar kayar da babba a rana guda.

Sai dai a lura, rashin jifan 'yan da ba rashin baiwa ba ne, ba a nemi abin a wurinsu ba. Dubi Brook Lopez. Kakarsa 8 ta farko jifan maki uku 3 ya ci gaba ɗaya. Da aka ce masa ya fita waje ya gwada, ya ci 134 a kakar 2016-17, daga baya ya ɗauki kofi da Milwaukee. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, umarni ne ya canja. In Lopez ya iya, ba ni da shakka Bird da West da sun taso yau za su yi ta zuba su. A ɗaya ɓangaren ga Roy Hibbert, dogo mai tare kwando, an zaɓe shi cikin taurari a 2012 da 2014, zuwa 2017 babu ƙungiyar da ke son sa. Dalili, ana kawo mutumin da yake tsaro ya yi wa mai ƙwallo shinge can sama da layi. In Hibbert ya tsaya a baya, a jefa maki uku a kansa. In ya fito, a wuce shi a guje. Masu cewa babu tsaro yanzu su duba nisan da mai tsaro ke gudu a hari guda: daga akwati zuwa kusurwa, ya dawo, ya karɓi wani, ya sake fita. Duka ya ragu, gudu da lissafi sun ƙaru. Curry kam tun daga kusa da tsakiyar fili ake bin sa ko ba ya riƙe da ƙwallo. A zagayen ƙarshe na 2019 Toronto Raptors, wadda Masai Ujiri da ya taso a Zariya ke shugabanta a lokacin, ta sa mutum ɗaya ya manne masa, sauran huɗun suka yi tsaron yanki, tsarin da aka fi sani a wasan 'yan makaranta.

Akwai kuma batun waɗanda ake gogayya da su. Tsakanin 1988 da 1995 an ƙara ƙungiyoyi daga 23 zuwa 29, aka raba 'yan wasan da ake da su, kuma kusan dukkansu Amurkawa ne. 'Yan waje ba su kai 30 ba a farkon shekarun 1990. Arvydas Sabonis, da ake ganin ya fi kowane dogo a Turai, bai iso ba sai 1995, ya kai shekara 30, ƙafafunsa sun lalace. A farkon kakar 2023-24 'yan waje 125 ne. Daga 2019 zuwa 2025 duk wanda ya zama gwarzon kaka a wajen Amurka aka haife shi: Giannis Antetokounmpo da iyayensa 'yan Najeriya suka haifa a Girka, Nikola Jokic na Sabiya, Joel Embiid na Kamaru, Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. Don haka na yarda ɗan wasa na takwas ko na tara a benci yau ya fi takwaransa na 1995 nesa. Amma shi ma ya samu abin da na da bai samu ba: jirgi na ƙungiya, likitoci, bidiyon kowane hari, takalmi mai kyau. Su Russell da takalmin yadi suka yi wasa. Bernard King ya tsinke jijiyar gwiwa a 1985 ya yi kusan shekara biyu a zaune, raunin da yau yawanci ake dawowa cikin shekara.

In ka tambaye ni ɗan da wanda zai shigo wasan yau ba tare da an gyara masa komai ba, Hakeem Olajuwon zan fara kira, kuma ba don ɗan Legas ne ba. Ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, ƙafafunsa suka taso da saurin da dogaye ba su da shi. Shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, Jordan na uku, kuma har yau ba mai cewa Houston ta yi kuskure. Nemi wasanninsa da San Antonio a 1995, sanda aka ba David Robinson kyautar gwarzon kaka. Hakeem zai karɓi ƙwallo a gefen layin ƙarshe, ya fuskance shi, ya yi kamar zai bi ta ƙasa, ya juya, ya nuna ƙwallon sama Robinson ya tashi, ya dawo da ita, ya sake nunawa ya sake tashi, sannan ya sulale ta ƙarƙashin hammatarsa ya ajiye. Maki 35 ya riƙa ci a zagayen. Shi ke riƙe da tarihin tare jifa, 3,830, kuma yana iya fita waje ya tsare gajere. A Fabrairun 1995 yana azumin Ramadan aka ba shi kyautar gwarzon wata. Tsarin da Rudy Tomjanovich ya yi masa ma, shi a ciki masu jifa kewaye da shi, su Kenny Smith, Robert Horry da Mario Elie, shi ne kakan wasan yau. Shaquille O'Neal kuwa zai sha wahala a tsaro, za a yi ta janyo shi waje, ga raunin jifan kyauta, amma a ɗaya ƙarshen filin ban ga wanda zai tare shi ba. Giannis ya ci 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofi a 2021, mafi yawansu da ƙarfi a ƙarƙashin kwando da jifan kyauta, alamar ƙarfi bai daina aiki ba.

Maki 45 kullum ga Jordan, a'a. Yana iya ci a dare guda, ya ma ci a wasansa na ƙarshe da Bulls a 1998, 45 cikin 87 da ƙungiyarsa ta ci. Amma kaka guda cur, ko James Harden da aka damƙa wa komai a 2018-19, yana gwada maki uku sau 13 a wasa, 36.1 ya tsaya. Taurarin yau minti 34 zuwa 36 suke bugawa, Jordan kan kai 38 zuwa 40. Za a kuma cika masa akwati da mutane a tilasta masa miƙawa. Ni ina ganin 35 zuwa 37, kuma shi ne zai fi kowa ci.

Tsakaninsa da LeBron, kada ka karɓi hujjar nan ta cewa Jordan ya je zagayen ƙarshe sau 6 ya ci 6, LeBron ya je 10 ya ci 4. Ma'anarta gara a fitar da kai tun zagayen farko da ka kai ƙarshe ka faɗi, kuma an fitar da Jordan a zagayen farko a 1985, 1986 da 1987. LeBron ya je ƙarshe shekara 8 a jere, ya wuce makin Kareem 38,387 a Fabrairun 2023, ya haura 40,000, yana cikin biyar ɗin farko a miƙa wa wani ya ci. A 2016, da ƙungiyarsa Cleveland ta farfaɗo daga 3 da 1 ta doke Warriors mai nasara 73 a kakar, shi ya fi kowa cikin ƙungiyoyin biyu a maki, cafe ƙwallo, miƙawa, ƙwace da tarewa. In shekara 20 za a ba ni in gina ƙungiya, shi zan ɗauka. Duk da haka Jordan na zaɓa, da tazara kaɗan, bisa ma'aunin da na fi amincewa da shi, wato nisan da mutum ya ba tsaransa a ƙarƙashin doka ɗaya. Ya fi kowa ci a kaka 10. A 1988 shi ne ya fi kowa ci, shi ne gwarzon mai tsaro, shi ne gwarzon kaka. Matsakaicinsa a wasannin fitar da gwani 33.4 ne, ya fi na kaka, wato yana ƙaruwa sanda tsaro ya tsananta. Daga 1991 zuwa 1998, duk kakar da ya fara daga farko kofi ya ɗauka.

Bulls ta 1996 mai nasara 72 da Warriors ta 2017 mai Kevin Durant kuwa, sai an faɗi dokar da za a bi. A dokar yau Warriors na ba, domin Bulls ba ta da masu jifan da za su rama uku da uku, kuma Luc Longley ba zai iya zama a fili ba. A dokar 1996 abin ya fi wuya. Ron Harper, Jordan da Scottie Pippen dogaye ne masu hannu, za su ɗora wa Curry da Klay Thompson jiki tun daga tsakiya, Rodman ya kwashe duk abin da ya dawo. Amma a kakar nan an matso da layin maki uku zuwa ƙafa 22 ko'ina, maimakon ƙafa 23 da inci 9 a sama, shi ya sa Steve Kerr ya ci sama da rabin jifansa, kuma an hana tsaron yanki, babu mai kawo ɗauki a kan Durant. Bulls nake ba a wasa na bakwai, da sharaɗin Jackson ya zaunar da Longley ya sa Toni Kukoc tun farko.